Gayyar Ranar Lahadi

Alhamis, 13 ga Jimada Ula, 1425
Ciyawa ta fi gerona tsawo. Na duƙa da hauya, gwiwa ta ƙi. In sati ya sake wucewa ba a nome ba, babu abin da zan zuba a rumbu bana. 'Yan ƙodago duk sun hau babur.

Asabar, 15
Na raba goro gida-gida, na kira gayya gobe. Auta, ɗana, ya ce, "Baba, gobe kasuwar Mai'adua ce, kowa zai tafi acaɓa." Na ce ubana ranar Lahadi yake gayyarsa tun ba a ƙera babur ba. Tunda gwamnati ta raba musu baburan nan, wai rage talauci, yaro ke gaya mini rana. Ni da na je neman taki cewa aka yi in kawo takarda.

Lahadi, 16
Shatu, matata, ta dama fura ƙwarya huɗu, ta yi tuwo. Mutum ɗaya ya zo, Mainasara, shi ma da sanda. Muka zauna gindin gawo muna jin ƙarar babura a titi. Ya ce, "Dabo, mun zama tsofaffin kaya."
Har Auta ya tafi acaɓarsa.

Talata, 18
Furar ta yi tsami, awaki suka sha.

Jumma'a, 21
Liman ya yi huɗuba kan zakkar hatsi. Shekara arba'in ni ke fitarwa. Na hango kaina tsugune ƙofar wani da buhu, ana auna mini. Wani dillali daga Daura ya tare ni bakin masallaci, wai ko gonar ta sayarwa ce. Wa ya gaya masa?

Asabar, 22
Na ce wa Shatu ta tambayi ɗanta wace rana ce ba su da kasuwa. Ita za ta tambaya, ba ni ba.

Talata, 25
Su tara suka zo, kowa da hauya ɗaure bayan babur. Nomansu ba kyau, sun sare mini gero ya fi ƙafa ashirin, azahar na yi suka watse. Amma ana ganin kunyoyin gonar yanzu.
Gwiwa ta hana ni tafiya. Auta ya ce, "Hau, Baba." Don gwiwar ce kawai. Na riƙe rigarsa sosai.
Maimai ma, noma na biyu, Talata za a yi.