Idan Tabon Ya Ƙetare Zane

Ikko, 1956

Zuwa ga Yaya Maharazu, a Kafin Dafga.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Gwaggo da ciwon ƙafarta? Yaya Rekiya da yara, yaya damina?

Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da ke tashina da asuba. Likitanmu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ga tabo a huhu kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce in zaɓa, ko a yi mini aiki yanzu a cire, ko a bari sai bayan kaka a sake hoto.

Na zaɓi jira, kuma kada wani ya ce tsoro ne. Ka tuna wanzancin marigayi Baba in an kawo masa mai kumburi? Ba ya saurin zaro aska. Sai ya kewaye wurin da gawayi, ya ce a dawo ran kasuwar Ƙaraye. In kumburin ya ƙetare zanen, sannan ya tsaga. To, likita ma ya auna nawa ya ajiye.

Gwaggo ta sa ni a addu'a, amma ka ce mata mura ce. In tabon ya ƙetare zane, da ƙafata zan je in kwanta musu. Ɗan wanzami ne ni, ban taɓa gudun aska ba.

Ƙaninka,
Liti