Kada Ku Kira Nawaf Sai Ya Sauko

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni Kabira 'yar Malam Salihu, matar marigayi Mukhtaru, mazauniyar Rusaifa a nan Makka, ni na rubuta wannan da hannuna, hankalina yana jikina. Tun safe na ƙi shan maganin nan mai sa barci, don kada wani ya ce ba a hayyacina na faɗa ba. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ManzonSa ne.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Turki babba, da Ruqayya, da autana Nawaf. Na san Larabci ya fi muku sauƙi, ku yi haƙuri da ni. Da Larabci nake salla, amma tsoro da Hausa nake jin sa.

Turki, na ga fuskarka jiya a mustashfa, asibitin nan, bayan likita ya ja ka gefe. Ba sai ka faɗa mini ba. Jikina ya riga shi sanar da ni. Ranar tafiya tana wurin Allah, amma ba na zaton zan ga dawowar ƙaninku.

Na ɗaya. Wannan shi ne babba, saboda shi na nemi takarda. Nawaf yana ƙasar Jojiya, a kan wani dutse da babu hanya, babu gida, babu ko mai kiwo, shi da abokansa, cikin tsakiyar hunturu. Lokacin da ya tafi, ciwon nan bai wuce kasala ba, ni da kaina na sa masa albarka a bakin ƙofa. Idan Allah Ya karɓi raina yana can sama, kada wanda ya sanar da shi sai ƙafarsa ta taka gari. Ko kai Turki, ko Ruqayya, ko kawunnanku. Ban yarda ba.

Kun san halinsa. Ranar da aka ce masa babanku yana gargara, shi Nawaf yana aikin motocin alhazai a Muzdalifa, hanya a cushe. Ya bar motar a wurin, ya taho da gudu har gida, takalmi ɗaya ya yar a hanya bai sani ba. Ni na wanke masa jinin ƙafa. Wannan a kan kwalta ke nan. Yanzu ku duba inda yake.

Shi da bakinsa ya bayyana mini, yana ganin yana kwantar mini da hankali. Ya ce hawa bai kai saukowa haɗari ba, don mutum ya gaji, ga zumuɗin gida. Ya ce idan rana ta ɗaga, dusar ƙanƙarar da ke jikin gangare takan saki gaba ɗaya ta rufto, shi ya sa akwai lokacin da ake tafiya, akwai lokacin da dole a zauna a jira. Ya nuna mini abin da suke ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, mai faɗi kamar faifai, wai don kada ƙafa ta nutse. Ya ɗaura a falo yana tafiya a tattale kamar agwagwa, Ruqayya tana dariya har da hawaye. Ni ma na yi dariya. Amma na riƙe maganar nan ta jira. Nawaf ɗin da aka ce wa uwarsa ta rasu ba zai jira komai ba.

Ni ban taɓa ganin wannan ƙanƙarar ba sai a jawwal, wayar hannu. Abin da nake gani idan na rufe ido, ɗana a ƙarƙashinta, babu wanka, babu likkafani, babu wanda ya tsaya a kansa ya yi kabbara, har sai zafi ya zo ta narke. Mu da muke garin da kusan kowace salla sai an kira sallar gawa a Harami. Ya Allah, kada Ka gwada ni da wannan, ko ina raye ko ina kwance.

Na biyu. Turki, na san abin da za ka so yi. Za ka ce a ajiye gawata a ɗakin sanyi na mustashfa har ƙaninka ya iso, ku ɗauke ni tare, ku sa ni a kabari tare kamar yadda kuka yi wa babanku. Ban so ba. A wanke ni, a kai ni Harami a sallar da ta fi kusa, a binne ni yadda ake yi wa kowa a garin nan. In har ana jiran sa, to sai an gaya masa ke nan, in kuwa aka gaya masa, zai yi sauri. Kafaɗarka ta isa, ga 'yan unguwa.

Na uku, Ruqayya. Ke ce yake turo wa saƙo kullum da yamma ta na'urar nan tasa, ke kike nuna mini jan ɗigon da ke motsi a taswira. Zai tambaye ki ya jikin Umma. Ba zan ɗora miki ƙarya ba, ban koya miki ita ba. Ki rubuta masa: Umma ta ce ka sauko a hankali. Ga shi na faɗa, na kuma rubuta, maganata ce har bayan raina. In ya matsa, ki sake tura masa ita, kada ki ƙara komai. Na san nauyin da na aza miki, 'yata. In kuka ya zo miki, ki ajiye jawwal ɗin tukuna.

Na huɗu. Abin da na bari, a raba yadda Allah Ya raba, ban isa in taɓa ba. Keken ɗinkina kawai na cire, a ba maƙwabciyarmu Khadijatu, ita da ba ta da iƙama, takardar izinin zama, da shi za ta riƙa samun na abinci a cikin ɗaki. Babu haƙƙin kowa a kaina da na sani, sai azumin bara da ciwo ya hana ni ramawa. Ku tambayi malami abin da ya kamata, ku yi mini.

Na biyar. Turki, kai da ƙaninka kun daɗe kuna sa-in-sa a kan hawan dutsen nan, tun yana barin matakalar Jabalin Nur yana bin bayan dutse, har ya koma duwatsun Ɗa'ifa, har ya kai inda ya kai. Kana ce masa aikin marasa aikin yi. Wataƙila kana da gaskiya, ni ma ban gane abin da yake nema a can ba. Amma ina roƙon ka da nonon da ka sha, kada ranar da ranka ya ɓaci ka ce masa Umma ta mutu yana yawon dutse. Ni na hana a kira shi. Wanda ya goranta masa, ni ya goranta wa. Kai za ka je Jidda ka tarbe shi a filin jirgi, ka rungume shi kafin ka yi magana, ka kai shi ya ga inda nake.

Nawaf, Ruqayya za ta karanta maka wannan, na san Hausarka a rubuce tana ɗingishi. Za ka ji haushinsu. Kada ka ji, umarnina suka bi. Babu abin da ka yi mini, in ma akwai na yafe duniya da lahira. Ka tuna ɗan dutsen nan mai laushi da na tsinto a bayan gida, na ce ka riƙa taimama da shi in ruwa ya daskare? Kana ta ƙorafin nauyi, kai da ka yanke har mariƙin buroshin haƙori, amma da na duba jakar na gan shi a aljihun sama. Da na ga haka na san ba ka bar salla ba. Ban rasa komai ba don ba ka ɗauki makarata ba. Addu'arka ta shekaru nake so, ita kuwa sai mai rai.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, kada Juma'a ta wuce ba ku ci abinci a faranti ɗaya ba, ku ukun. Ku yafe mini.

Ruqayya ta shigo yanzu ta nuna mini, jan ɗigon ya kai ƙoli. Saura saukowa. Ka sauko a hankali, auta.