Kaset ɗin Dogo

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maman yara. Mu nan ƙalau, sai idon Mama da ke ƙara dusashewa.

Wata huɗu ke nan da rasuwar ɗan'uwanmu Dogo, kai ko leƙowa ba ka yi ba, ita kuma Mama ba ta da zance sai nasa. Jiya ta tuno kaset ɗin nan. Ka tuna in Baba ya gama gyaran rakoda a shago, Dogo yake kira ya yi magana a ciki don a gwada? Sai gogan naka ya gyara murya ya karanto labaran gida: "Jama'a, ga kanun labarai. An fasa kofin Baba, jami'an tsaro na zargin Auta." Mama ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce so take ta sake jin muryar ɗanta.

Kai ka kwashe kwalin kaset-kaset da aka rufe shagon. Ka nemo shi ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda. Ban da nawar nan taka.

Ka gai da yara.
Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ɗawainiyar Mama, Allah ya saka. Kwana tara takardarki na aljihuna, na kasa amsawa.

Kaset yana nan, amma babu Dogo a ciki. Ni na goge shi.

Kin tuna ranar da na fara kawo maman yara ta gai da su Mama, Dogo ya sa mata labarin da yake cewa an yi ambaliya a katifar Auta, an yi asarar zannuwa biyu? Kowa ya dara, har ita. Ni kuwa na cika fam. Kuna fita rakiya na danna jan maɓalli, na bar rakoda ta naɗi shirun ɗaki, gaba da baya, na mayar da shi kwali. Shekara goma sha ɗaya ban gaya wa kowa ba.

Da Dogo ke kwance a asibiti, ya ce in kawo kaset ɗin mu ji mu sha dariya. Na ce gobe. Kullum in na shigo sai ya dubi hannuna, ni kuma in ce na manta. Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta wata guda da na karye, abin da na yi masa ke nan. Shi ya sa ban iya haɗa ido da Mama.

Kin san muryarmu ɗaya, ko Baba yakan rikice a waya. Labaran kuma na haddace su. Na ari tsohuwar rakoda na karanta su a kan kaset ɗin, ga shi nan a hannun direba. Don Allah ki sa mata, kada ki ce komai. Ki rufa mini asiri.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, ka ba ni haushi ƙwarai. Wato ni za ka sa in yaudari tsohuwa da ba ta gani? Sai da na rubuto maka zagi shafi biyu, na yaga.

Na yaga ne don ni ma ban fita ba. Ranar nan Dogo bai yi niyyar sa kaset ba. Ni na ɗauko, ni na zuga shi, har ya ce, "Yaya, yaron nan zai ji kunya fa." Na ce ya sa kawai. Wata shida ka yi ba ka yi masa magana, ina gani na ja bakina na yi shiru.

Zan sa mata ran Lahadi. Allah ya yafe mana mu biyun.

Yayarka.

*

Auta,

Sallama. Na sa mata. Ta kara kunne jikin rakoda har ƙarshe, ta ce in maimaita, na maimaita. Sannan ta ce:

"Dogo ba ya kai ƙarshen labari bai fashe da dariya ba. Wannan mai labaran kuka yake haɗiyewa. Ki gaya masa ɗa ɗaya na rasa, kada ya sa su zama biyu."

Ka taho.

Yayarka.