Ɗan Mutuminka Mai Fitila Ya Ɓata, Yaya Ishaya

Zuwa ga yayana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san inda kake babu ciwo, don haka ba zan tambayi jikinka ba. Mu nan Trikania muna nan yadda ka bar mu, sai dai labarin kwamfutarka, wanda ba shi da daɗi.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita daga masaƙa, Baturen sashenku ya bar maka da zai koma ƙasarsu. Unguwa ta cika ɗakinmu. Kai kuwa, ƙato da gemu, ka ɓige da wasan wani ɗan mutum mai fitila da ke yawo cikin kogo. Duk inda ka tsaya sai ka adana a faifai da sunanka, kana cewa, "Rifkatu, kowa ya taɓa mini mutumina, ni da shi ne."

Ka bar shi a bakin wata jar ƙofa, ka ce sai ka dawo daga asibiti za ka buɗe.

Tun bayan jana'izarka, duk Lahadi in mun taso daga coci Mama takan sa in kunna mata. Ba ta karatu, amma ta san siffar sunanka. Sai ta zauna ta yi ta kallon ɗan mutumin nan yana tsaye da fitilarsa, sannan ta iya cin abinci.

Watan jiya aka ɗauke wuta kwamfutar tana kunne, daga nan ta ƙi tashi. Na kai ta wurin Malam Danjuma mai gyara a Unguwar Boro. Ya goge abin da ke cikin faifan tas, ya zuba mata sabon tsari. Ta tashi garau, wasan ma ya mayar, amma ajiyarka ta inda ka tsaya ta tafi. Ya yi ta haƙilon dawo da ita har gumi ya jiƙa masa riga, daga ƙarshe ya ba ni haƙuri.

Sai na tuna kana kwafe ajiyar a kaset. Wajen rabon kayanka Baba Yohanna, ƙanin babanmu, ne ya kwashi kaset-kaset ɗin, don haka na bi shi Mahuta. Ashe da ya sa na ajiyar a rediyo ya ji ƙara kamar ta gyare, sai ya ɗauka ya lalace. Ka san shi, ba ya yar da komai. Ya ɗauki waƙoƙin zumuntar mata ta coci a kai, waɗanda suka rera ranar addu'arka. Ban iya yi masa faɗa ba, kuka kawai na yi.

Na fara wasan daga farko, na rubuta sunanka. Yaya, ko ramin farko na kasa tsallakewa, da kana nan da ka yi mini dariya har ka faɗi. Mama ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan ba naka ba ne, naka yana bakin jar ƙofa. Ranar ba ta ci komai ba.

Ban san hanyar ba, kuma ba ka koya wa kowa ba. Kullum ina gwadawa, kullum ina faɗawa ramin nan, ga Lahadi tana ta matsowa. Ina kewarka ƙwarai.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ba Mama ƙarfin cin abinci ko da ban kai ƙofar ba. Amin.

Taka ƙanwa,
Rifkatu