Rigar Amarya Mai Ƙunar Guga

Auta 'yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki, da baƙuwar da Allah ya kawo mana.

Da direban da kuka aiko ya leƙo shago ya ce, "Tela, ka yi jika, mace ce," sai na miƙe na bar wandon mutane ƙarƙashin allurar keke. Na yi ta zagaya teburin yanka kamar wanda ya ɓatar da almakashi. Maƙwabcina mai gyaran takalma ya ce, "Tsoho, gida aka ba ka?" Na ce amarya na yi, wadda ba ta da haƙorin cinye ni.

Ga riga nan na ɗinka mata. Zuwa kuwa sai a hankali, aiki ya yi mini yawa. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yamma ne, sai da furfura ta fito na kama alƙalami.

Allah ya raya mana ita.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Muna lafiya, amaryarka sai ci sai barci.

Riga ta iso, na gode. Amma Baba, na juya ta sai na ga shatin dutsen guga a baya, ja wur. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ka ƙona ko hankici ba. Kalmasar ma da keke ka bi ta, kai da kake cewa kayan jariri sai allurar hannu, don kada ɗinki ya ci fata.

Da yayata ta haihu, ka rufe shago ka bar masu kaya suna ta ƙorafi. Ni kuma aiki ya yi yawa? In laifi muka yi, ka faɗa mini. In kuma wani abu ne, ni ba yarinya ba ce.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Idonki na mahaifiyarki ne, Allah ya jiƙanta, ba a ɓoye masa zare.

Ba ki yi laifi ba. Kwanaki wata ƙungiya ta unguwa ta kafa tebur a rumfar layinmu, suna gwajin ciwon hanta kyauta. Mutane suka yi cirko-cirko, sai shugabar ta ce, "Baba, kai ne babba, buɗe mana hanya." Na miƙa yatsa ina wasa da dariya. Da ta ja ni gefe, dariyar ta ƙare. Suka raka ni asibiti aka sake ɗibar jini, aka tabbatar: irin wanda ake kira C. Sun sama mini ƙwayoyi, ina sha kullum, sun ce ana warkewa.

Kin san abin da ake faɗa a layi game da masu ciwon hanta. Ni ban san inda na same shi ba, amma wa zai tsaya ya ji? Ofishin ƙungiyar na sama da shagon fenti, ni ta matakalar baya nake hawa, inda ake ajiye durom. A taronsu na masu ciwon, ina zama bakin ƙofa da kofina a aljihu. Ban taɓa buɗe baki ba.

Rigar da kika gani ta biyu ce. Ta farko ina kalmasa allura ta soke ni, jini ya ɗiga a farin yadi. Na jefa ta wuta. Ta biyu na bi da keke, na tafasa ta, na ɗora guga na danne, na kasa ɗagawa har ta yi ƙauri. Hannun nan zan miƙa a ɗora mini jaririya?

Kada ki gaya wa maigidanki.
Babanki

*

Baba,

Barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi kuka, daga baya kuma haushi ya kama ni.

Maigidana na riga na gaya masa. Cewa ya yi, "To me muke jira?" Akwai irin ƙungiyar nan kusa da mu, muka je aka gwada mu, ba mu da shi. Na tambayi matar wurin komai, har ta ce ko jarrabawa zan rubuta. Ta ce jini ne hanyarsa. Reza, buroshin haƙori, abin yanke farce, waɗannan kowa da nasa. Ɗaukar jariri kuwa, ko kofi, ko kwano, babu komai.

Kana zaune cikin mutanen da suka san amsar nan, kunya ta ɗinke maka baki. Kada ka yarda da ni, ka tambaye su da kanka.

Rigar kuma na warware kalmasar tas. Amarya ba za ta sa ta ba sai ka zo ka yi da hannu, tana kan cinyarka.

'Yarka mai taurin kai,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku duka.

Na tambaya. A taron na yi, gaban kowa. Shugabar ta karɓi kofina ta kurɓi shayin, ta ce sukarin ya yi yawa. Wani tsohon makaniki ya ce shi jikokinsa a wuyansa suka girma.

Da zan fita na bi ta ƙofar gaba. Mai takalma ya gan ni, ya ce me nake yi a can. Na ce awon labule. Shi ban iya gaya masa gaskiya ba tukuna.

Na sayi ɗan ƙarfen nan da ake sawa a yatsa, wanda na yi shekaru ina yi wa masu sa shi dariya. Ina tafe da motar safe. Ki ajiye farin zare, ki ce wa amarya ta yi haƙuri da angonta.

Babanki