Gayyar da Ta Ci Aikin Titus

Unguwar Madaki, Gombe.
Oktoba, 1976.

Zuwa ga ƙanwata Dokas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ernest da yara duka. Ina roƙon Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da kika ambata, ya kiyaye ku a wannan Kaduna taku mai yawan motoci. Mu nan muna nan yadda kika san mu. Matata Juliana tana ta fama da ƙosanta a bakin kasuwa, shi ke riƙe da gidan, tunda fanshon tsohon malami sai an ga dama. Ruwa ya ɗauke, dawa ta fitar da kai. Idona ya ƙara dushewa, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, domin maganar ɗanki Titus ce. Yana raye, yana tafiya da ƙafarsa, ki fara gode wa Allah a kan wannan. Ya roƙe ni in rubuta miki cewa hutu ya samu zai zo ya gan ki. Na ce masa na tsufa da ƙarya, kuma uwa ba a rufe mata abin da idonta zai gani a tasha.

Tun farkon damina injin fasa dutse na kamfanin da ke shimfiɗa kwalta ya kama masa hannun dama. Bel ɗin da ke juya injin ne ya zame, aka ce ya mayar da shi ba tare da an kashe injin ba, wai kwangila tana sauri. Murfin da ya kamata ya rufe wurin an cire shi tun bara ba a mayar ba, kowa a wurin ya sani. Yatsu uku suka tafi, babban yatsa da ƙaramin ne suka rage. Likita ya ɗinke, ya ba shi takardar hutun jinya, kamfani ya karɓa, aka ce za a duba maganar diyya. Ban rubuta miki ba a lokacin saboda shi ya hana, ni kuma na ɗauka hannu kaɗai muka rasa.

Kin san 'yar gonar da yake nomawa a Kagarawal, bakin hanya. Lokacin maimai ya zo, ciyawa ta kusa shanye dawar, matarsa Hilda kuma ciki ya tsufa. Abokan aikinsa suka ji tausayi. Wani direban tifa mai suna Joda ya ce za su yi masa gayya ranar Lahadi, tunda ita kaɗai ce ranar hutunsu. Ɗanki, ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, ya ce a gonarsa ba za a sari ƙasa ranar Ubangiji ba, gara ciyawa ta cinye. Suka yi masa dariya, suka ce Fasto Titus ya yi magana. Sai aka yi dace injin nan ya lalace a tsakiyar mako, ma'aikata suna zaune a inuwa suna jiran kayan gyara daga Kano. Joda ya kwashe su a tifar kamfani ba tare da izinin kowa ba, ya ɓoye motar cikin kwari, suka faɗa gonar. Hilda ta yi tuwo da kunu, an ce har waƙa suka yi.

Ke ma 'yar manomi ce, kin san mai gayya ba ya zama a gindin bishiya mutane suna yi masa gumi. Ko ba zai iya komai ba, sai ya riƙe fartanya ya shiga gaba yana nuna iyaka, yana yi musu sannu. Haka ya yi, da hannun hagu. Ana cikin haka motar akawun ma'aikata, wani Yuguda, ta biyo hanyar. Sauran suka hango ta suka durƙushe cikin dawa. Shi kuwa yana tsaye a bakin hanya, fartanya a hagu, farin bandeji a dama kamar tuta. Kafin mako ya ƙare takardar tuhuma ta iso, wai yana cin albashin jinya alhali yana da ƙarfin noma.

Na sa tsohon kwat ɗina na raka shi gaban kwamiti. Na shirya jawabi da Turancin da na koyar shekara da shekaru, har da abin da doka ta ce a kan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ban kai rabi ba manajan kamfanin, wani baƙo daga ƙasar waje, ya dubi agogonsa, Yuguda ya ce Baba ya zauna, ba makaranta ake ba. Na zauna. Mu ne muka jera yara a rana da 'yan tutoci ranar samun mulkin kai, muka ce musu daga yau ba mai wulaƙanta ɗan ƙasa. Yaran sun girma, kuɗin mai ya zo, su ne yanzu ke riƙe wa baƙo alƙalamin kora. Abin dariya, a ranar rediyon maigadi yana ta shelar gwamnati cewa kowa ya koma gona a ciyar da ƙasa.

Ashe ba Titus suke nema ba. Sun riga sun lura tifa ta fita ranar, sun kuma san mai hannu ɗaya ba zai share gona a wuni guda ba. Manajan ya ce a gaya wa Titus in ya faɗi sunayen waɗanda suka bar aiki suka je, za a yarda ba shi ya yi noman ba, a mayar da shi sito inda ba ya bukatar yatsu, a kuma ci gaba da maganar diyya. Na taka wa Titus ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ɗanki ya ce fartanya dai ya riƙe, ba zai musa ba, amma waɗanda suka ci tuwon gayyarsa ba da bakinsa za a ji sunansu ba. Aka ba shi dama ya je ya yi tunani. A gida na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna masa jaririn da ke tafe. Na ce masa kamfani ba zai kori mutum goma sha wani abu ba ana tsakiyar kwangila, iyakaci a yanke musu albashi, a sallami direban. Ya ce to direban fa, Kawu, shi ba mutum ba ne? Ya koma ya maimaita musu abin da ya faɗa. Suka kore shi bisa laifin yaudara, maganar diyya kuma ta bi ruwa.

Na zuba ido in ga ko ɗaya daga cikinsu zai tashi ya ce mu ne. Ba wanda ya tashi. Joda ya zo gidana sau ɗaya, ya tsuguna a zaure yana murza hularsa, ya ce Malam, ga iyali ga tsoho makaho a gida. Ban ba shi ruwa ba. Daga baya na ji ya kai wa Hilda buhun masara, ya ajiye a ƙofa ya tafi. Ban san inda zan ajiye mutumin nan a zuciyata ba. An ce ciwon ɗan yatsa jiki duka ke jinsa, amma na ga jikin da ya ci gaba da tuƙa tifa. Murfin injin kuwa an mayar, har da sabon fenti.

Hilda ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunanki. Za su zauna wurinmu har ya samu abin yi. Shi zai hau jirgin ƙasa ƙarshen watan nan, ko Ernest zai sama masa gadi ko tsaron sito a masaƙa. Juliana tana gaishe ki ƙwarai. Ki gaishe mini da Ernest, da ɗanku George da amaryarsa, da maƙwabciyarki Inno mai fura, wadda ta yi mini hidima zuwana na ƙarshe.

Abu biyu nake roƙonki. Yana ɓoye hannun a aljihu, kuma ba ya son cin abinci gaban mutane, don haka ki kai masa ɗaki, da cokali. Ki gaya wa babansa in yaron ya miƙo hagu a tasha, ya karɓa kawai. Na biyu, in ya ba ku labarin nan da kansa, kada ki ce masa ya yi wauta. Na riga na faɗa masa, da ƙarfi, a gaban matarsa, kuma tun ranar bai sake cin abinci a gidana ba.

Ni ne yayanki,
Bernard.