Huji uku a rufin bas

Habibullahi,

Ranar Laraba na huda rufin bas ɗin nan da na mayar ɗakin kwana, don in kafa eriyar rediyo. Huji ɗaya ake buƙata, na yi uku. Biyun na toshe su da ƙaron da nake haɗa tawada da shi, sai ka ce duk karatuna ban san ruwa na narkar da ƙaro ba. Ruwan jiya ya tuna mini. Katifa ta jiƙe, da littattafai huɗu.

Na wuce Tarai duba gero, sai la'asar. Makulli na ƙarƙashin buta. Hadari na haɗuwa, ka yi wa huji biyun nan walda kafin ka tafi shago. Kada ka taɓa eriyar. A karkace take, amma tana kamo Kano raɗau. In rufin ya gyaru, zan kai bas ɗin gona, a ciki zan yi kaka.

Ranar da ka bar makaranta ka kama walda, na ce ka zaɓi sana'ar jahilai. Mahaifiyarka ta yi ta roƙona in janye maganar, har ta rasu ban janye ba. Yau na janye.

Babanka